Kar Ta San Kar: Abin da Ya Faru a Tekun Kuba a 1962

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To, madalla.

Masana harkar tsaro suna cewa in kana son hana yaƙi, ka tara makamin da zai sa abokin gabarka ya tabbata in ya taɓa ka shi ma ba zai kai labari ba. Mu Hausawa mun taƙaita zancen, muka ce kar ta san kar. A kan wannan Amurka da Tarayyar Sobiyet suka yi zaman doya da manja shekaru aru-aru, kowa da nukiliyarsa a hannu.

Ranar 14 ga Oktoba 1962 jirgin leƙen asirin Amurka, U-2, ya ɗauko hotunan makamai masu linzami da Sobiyet ke girkawa a Kuba, kusan kilomita 145 daga gaɓar Florida. Shugaba Kennedy ya sa jiragen ruwan yaƙi suka tare hanya. Ranar 28 ga wata shugaban Sobiyet, Khrushchev, ya sanar zai kwashe kayansa. Sai aka ce ai ga shi nan, tsoro ya yi aikinsa.

Ni dai ban gamsu ba, ɗalibai. Ku koma ranar 27. Akwai wani jirgin ƙarƙashin teku na Sobiyet, B-59, ɗauke da makamin nukiliya, Amurkawa kuma ba su sani ba. Suka yi ta jefa masa ƙananan bama-bamai na gargaɗi don ya fito. A ciki zafi kamar tanderu, batir ya kusa mutuwa, ba labari daga Mosko. Kyaftin ɗin ya ɗauka an riga an fara yaƙi, ya nemi a harba. Wani hafsa, Vasili Arkhipov, ya ce sam bai yarda ba. Haka suka fito sarari. Kennedy da Khrushchev duka babu wanda ya san ana wannan gardama a ƙarƙashin ruwa.

Khrushchev kuma ba hannu rabbana ya koma ba; ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Amurka ta yi alkawarin ba za ta mamaye Kuba ba, ta kuma yarda a asirce za ta cire makamanta masu linzami na Jupiter daga Turkiyya. Ciniki aka yi, aka rufa wa juna asiri. A 1963 suka buɗe layin sadarwa na kai tsaye tsakanin Washington da Mosko, domin a lokacin rikicin saƙo kan ɗauki sa'o'i kafin ya isa.

Mai tambaya ya ɗaga hannu, ga lasifika nan.