Fikus na zubar da ganye da ɗari: ku taɓa ƙasa kafin ku ɗauko buta

Jama'a, barkanmu da ɗari. Tun da hunturu ya sauka a Yamai, hoto iri ɗaya ake ta yawo da shi a WhatsApp: fikus, itacen adon nan da ake shukawa a tukunya, a falo, ganye zube a ƙasa, ana tambaya ko ƙishirwa ke damunsa. Sai a shiga ba shi ruwa safe da yamma. To, a nan gizo ke saƙa.

Ku dubi wannan tukunyar. Saman ƙasar ya bushe ƙarau, har ya tsattsage. Ga yatsana, zan nutsa shi gaɓa biyu, wajen santimita 4. Kun gani? Laka ce zalla.

Iskar hunturu saman kawai take busarwa. A Disamba da Janairu sanyin dare a Yamai kan sauka wajen digiri 15, hazo kuma ya rage hasken da ke shiga ɗaki. Itacen sai ya rage girma, ba ya shan ruwa kamar yadda yake sha a Afrilu. Ruwan da kuka ƙara ya kwanta a gindi, saiwa ta rasa iska, ta ruɓe. Ruɓaɓɓiyar saiwa kuwa ba ta jan ruwa, shi ya sa ganye ke yin rawaya ya faɗi, ku kuma ku ce ai bai ƙoshi ba, ku ƙara. Hajiya, ajiye butar nan tukuna.

Kar ku tambaye ni kwana nawa-nawa za a ba shi. Tukunyar ƙasa na shanye ruwa da wuri, ta roba na riƙe shi, don haka yatsa ne alƙali. In ya fito da danshi, ku ƙyale. In ya fito a bushe, ku zuba sosai har ruwa ya ɓullo ta hujin gindi, sannan ku zubar da wanda ya taru a faranti. Tukunyar da ba ta da huji, ni dai ban ga amfaninta ba, komai kyan fentinta.

Sauran da sauƙi. Ƙura: tsumma mai danshi, a goge ganye sama da ƙasa, kamar haka. Ku leƙa bayan ganyen, in kun ga saƙa siririya, ƙananan ƙwari ne masu son busasshiyar iska, a wanke su da ruwa. Taki kuwa a dakata sai zafi ya dawo a Maris.

Wani zai ce ga gamji da ceɗiya da ɓaure a waje, ba mai lallashinsu. Gaskiya ne, dangi ɗaya ne. Amma wannan mai ƙananan ganye, Ficus benjamina, asalinsa kudancin Asiya ne da arewacin Ostiraliya, ya saba da danshi. Ga shi da saurin fushi: ka matsar da shi daga kusurwa zuwa kusurwa, sai ya zubar da ganye. Ku sama masa wuri mai haske kusa da taga, inda iskar ƙofa ba ta bugunsa, ku bar shi nan.

In za ku datse busasshen reshe, ku kula da farin ƙaron nan da ke fita. Yana sa ƙaiƙayi, a wanke hannu, kuma kar yara ko kyanwa su kai shi baki.