Kafin Ku Yarda da Na'urar Yatsa, Ku Ƙirga Numfashi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka daga Manchesta. Yanzu na sauko daga aikin dare, amma akwai maganar da ta tsaya min a rai, gara in faɗe ta kafin in kwanta.

A asibitocin Ingila, yawancin manyan majinyatan da aka kwantar muna cike wa kowanne wata takarda da ake kira NEWS2. Ƙungiyar likitoci ta Royal College of Physicians ce ta fito da tsarin a 2012, ta sabunta shi a 2017. Abu shida muke aunawa: numfashi, oksijin ɗin da ke cikin jini, awon jini na sama, bugun zuciya, zafin jiki, sai kuma ko mutum yana cikin hayyacinsa. Kowanne da makinsa. In jimilla ta kai 5, maza a kira likita. In ta kai 7, tawagar gaggawa ce za ta zo a guje. Za ku ji muna cewa takikadiya, wato zuciya ta haura bugu 100 a minti, ko haifokziya, wato oksijin ya yi wa jiki ƙaranci.

To, kun san 'yar na'urar yatsan nan mai auna oksijin ɗin da ke cikin jini? Tun lokacin korona ta shiga gidaje da yawa. Ana maƙala ta a yatsa, ta ratsa shi da haske, ta ba da lamba bisa ɗari. 96 zuwa sama shi ne lafiya lau ga yawancin mutane. Sai dai mu masu baƙar fata tana iya yi mana ƙari a lamba, ta nuna fiye da abin da ke jinin. Wani bincike na Jami'ar Michigan a Amurka, wanda aka buga a 2020, ya gano cewa na'urar kan kasa gano ƙarancin oksijin a baƙaƙe kusan ninki uku na yadda take kasawa a farare. Wallahi abin nan yana damuna. Jan farce da sanyin hannu ma suna rikita ta. Kuma shuɗin da littattafan likitanci ke cewa fata za ta yi, a jikinmu ba ya fitowa haka. Ni leɓe nake buɗewa, in duba dasashi da harshe, in ga ko sun dusashe sun yi toka-toka.

Shi ya sa na fi ba numfashi muhimmanci, don sau da yawa shi ke fara canzawa. Ga yadda nake yi: in riƙe wuyan hannun mara lafiya kamar bugun jijiya nake ji, alhali idona na kan ƙirjinsa. Ba na gaya masa, domin da zarar ya sani zai sauya numfashin. Minti ɗaya cur, ba ragi. Babba yana hutawa, 12 zuwa 20 ne daidai.

Iyaye mata, ku riƙe wannan, ko a Kano kuke ko a Damagaram, agogon waya ya isa. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, jariri ɗan wata 2 zuwa 11 da ya kai numfashi 50 a minti, ko yaro ɗan shekara 1 zuwa 5 da ya kai 40, numfashinsa ya yi sauri, ana zargin nimoniya, wato ciwon huhu. Ku ɗaga rigarsa yana kwance shiru. In ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki duk sa'ad da ya ja iska, kada a jira gari ya waye, a ɗauke shi sai asibiti, ko da na'urar ta nuna 97.