Tabulet Ko Na'urar Karatu: Wacce Ce Taka?

Masu kallo, barkanmu da warhaka. Ga na'urori biyu a gabana. Daga nesa sai ka ce 'yan ɗaki ɗaya ne: duk shafaffu ne, kuma duk ana karanta littafi a kansu. Ta hannun dama ita ce tabulet, wadda wasu ke kira kwamfutar hannu, irin su iPad da Galaxy Tab. Ta hagu kuwa na'urar karatu ce, irin su Kindle da Kobo. Kullum tambayar da ake yi mini ita ce wacce ta fi. Ni kuma kafin in ba da amsa sai na tambayi mutum: a makon jiya me ka karanta, kuma a ina kake zaune lokacin da kake karantawa?

Bari mu fita da su waje tukuna, cikin tsakar rana.

Dubi tabulet ɗin. Na ƙure mata haske, amma abin da ka fi gani a kanta shi ne inuwar fuskata da sararin sama. Sai na kāre ta da tafin hannu kafin rubutun ya fito. Yanzu dubi ɗayar. Rana na ƙara dukanta, rubutun na ƙara fitowa raɗau, tamkar shafin jarida. Duk wani bambanci da za mu yi magana a kai a wannan bidiyo, daga nan ya samo asali.

Fuskar tabulet fitila ce. A wasu akwai fitila a baya da haskenta ke ratsowa ta cikin launuka, a wasu kuma kowane ɗigo shi ke ba da nasa hasken, amma dai ko ta yaya hasken idonka yake nufa kai tsaye. Yawancinsu suna sake zana hoton sau 60 a daƙiƙa guda, wasu har sau 120. Abin da ya sa bidiyo ke tafiya sumul ke nan, kuma shi ne abin da ke shanye batir.

Na'urar karatu kuwa tawada ce a cikinta, tawadar lantarki. A ƙarƙashin fuskarta akwai miliyoyin 'yan ƙananan ƙwayoyi, kowace faɗinta kusan kaurin silin gashi, cike da wani ruwa garai-garai. A cikin ruwan akwai ƙurar launi, fara da baƙa, kuma cajin lantarkin da ke jikin kowace ya saɓa wa na 'yar'uwarta. Idan aka turo wuta daga ƙasa, sai ɗaya ta taso sama, ɗaya ta nutse. Inda baƙa ta taso, nan ne kake ganin harafi. Abin da ya fi burge ni shi ne, da zarar sun zauna, to sun zauna ke nan, ba sa neman wuta don su tsaya a wurinsu. Ko batir ya mutu murus, hoton ƙarshe yana nan a kan fuskar. Wuta tana tafiya ne lokacin da ka buɗe sabon shafi, sai kuma abin da 'yar fitilarta ta ci idan ka kunna ta.

A cibiyar fasaha ta MIT da ke Amurka aka ƙirƙiro wannan dabara, a ɗakin binciken Joseph Jacobson, har aka kafa kamfanin E Ink a 1997. Kamfanin Sony ya fara sa ta a na'urar karatu a Japan a 2004, Amazon ya fito da Kindle a watan Nuwamban 2007, sannan Apple ya kawo iPad a 2010. Da iPad ta shigo, mutane da dama sun ɗauka kwanan na'urar karatu ya ƙare. Ga shi har yau ana ƙera ta, ana kuma sayenta.

Maganar batir, a nan akwai abin da ya kamata ka lura da shi. Apple na cewa iPad tana kai kimanin awa goma. Masu na'urar karatu kuwa da makonni suke lissafi. Amma idan ka karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan tallar, za ka ga lissafin na karatun rabin awa ne a rana, intanet a kashe, haske daidai-wa-daida. Wato idan aka ce maka mako shida, ka buga lissafi, awa 21 ke nan. Duk da haka ratar na da yawa, musamman da yake na'urar karatu ba ta zubar da caji sosai idan tana ajiye. Kana iya barinta a jaka kwana goma, ka dawo ka ci gaba daga layin da ka tsaya.

To, ido fa? Sau da yawa za ka ji an ce tabulet na lalata ido, na'urar karatu ba ta yi. Maganar ba ta kai can ba. Gajiyar da mutum ke ji bayan dogon kallon sikirin, akasari daga abubuwa uku take: ƙiftawar ido na raguwa har ya bushe, ƙyallin gilashi na damunsa, sannan hasken na'urar bai dace da hasken ɗakin ba. Na'urar karatu ta rage biyun ƙarshe, don fuskarta ba ta ƙyalli, kuma fitilar da aka fara sa mata tun wajen 2012 a gefe take, tana shimfiɗa haske a kan shafin kamar yadda fitilar tebur ke haska takarda. Ta farkon kuwa, wato bushewar ido, wannan sai kai da kanka. Likitocin ido na ba da shawarar duk bayan minti 20 ka ɗaga kai ka kalli wani abu mai nisan kamar mita shida na daƙiƙa 20, ko da wace na'ura kake riƙe.

Akwai kuma batun barci. A wani bincike da aka yi a asibitin Brigham and Women's da ke Boston, wanda aka fitar a ƙarshen 2014, an sa mutum 12 sun yi karatu a iPad na kusan awa huɗu kafin kwanciya, dare biyar a jere, aka gwada da dararen da suka karanta littafin takarda. A dararen iPad barci ya yi musu jinkirin kimanin minti goma, sinadarin melatonin da ke shirya jiki don barci ya ragu, suka kuma tashi da safe da nauyin jiki. Amma ka riƙe cewa mutum 12 ne kawai, kuma an ƙure hasken ne har ƙarshe. Wanda ya rage haske ya yi karatun rabin awa, lamarinsa daban ne.

Ni dai abin da ya raba mini gardama ba ido ba ne, hankali ne. Na taɓa sayen tabulet musamman don wani littafin tarihi mai kauri da na daɗe ina son gamawa. Daren farko na buɗe, na yi shafi huɗu, sai saƙo ya leƙo ta sama. Na ce bari in amsa in dawo. Daga saƙon sai wani bidiyo, daga bidiyon sai labarai, ban farga ba dare ya raba. Wata huɗu littafin nan yana shafi na sittin. Abin ya dame ni ƙwarai, don littafi ne da nake matuƙar so. Da na koma na'urar karatu, cikin mako uku na gama shi. Ba ƙwazona ne ya ƙaru ba. Abin da ke hannuna ne ba shi da wata ƙofa da zan fice ta cikinta. Ba ta iya nuna bidiyo yadda ya kamata, shiga intanet a kanta wahala ce, babu mai kiranka a ciki. Abin da mai shago zai lissafa a matsayin gazawarta, shi ne ainihin abin da kake saye.

Sai dai kada wannan ya ruɗe ka, don akwai inda take faɗuwa warwas. Dubi nan. Wannan takardar darasi ce ta PDF, an tsara ta a girman takardar A4, rubutu layi biyu gefe da gefe, ga jadawali a tsakiya. Na buɗe ta a fuska mai inci shida, rubutun ya zama kamar jerin tururuwa. Na ja da yatsu biyu don ya girma, sai fuskar ta yi baƙi, ta yi fari, ta ɗan tsaya tunani, sannan ta nuna mini rabin layi. In ga ragowar rabin sai na sake ja, in sake jira, kuma inuwar tsohon rubutun na nan dishi-dishi a baya. Yanzu ga takardar a tabulet mai inci goma sha ɗaya. Shafin ya fito cikakke, na ja ya bi yatsana nan take, na ɗauki alƙalami na ja layi ja a ƙarƙashin abin da nake so.

Dalili shi ne littattafan lantarki iri biyu ne. Akwai irin su EPUB, waɗanda rubutunsu kamar ruwa yake, duk mazubin da ka zuba shi sai ya ɗauki siffarsa. Ka ƙara girman harafi, layukan su sake jeruwa da kansu. Wannan babban taimako ne ga dattijai da masu raunin gani. PDF kuwa kamar hoton shafi ne, yadda aka tsara shi haka zai tsaya. Don haka idan kai ɗalibi ne, ko ma'aikacin da yininsa ke ƙarewa a kan rahotanni da taswirori da takardu masu zane, tabulet ce taka, babu wani dogon tunani. Haka idan kana bin darasi ta bidiyo, ko kiran bidiyo, ko zane, ko kuma na'ura ɗaya ce mutanen gida za su riƙa karɓa-karɓa.

Za ka ce ai yanzu akwai masu launi. Akwai. A 2024 Kobo da Amazon duk sun fito da nasu. Sai dai launin bai wuce kala 4,096 ba, kuma a dusashe yake kamar na tsohuwar mujalla, fuskar ma ta ɗan fi ta fari-da-baƙi duhu. Ya isa ga bangon littafi da sa alama, bai isa ga hotuna ba. Akwai kuma manya masu alƙalami, irin su Kindle Scribe da reMarkable, da na Boox masu ɗauke da Android. Suna da daɗin rubutu da hannu, amma bidiyo har gobe ba gonarsu ba ce.

Nauyi kuwa hannunka ne zai gaya maka. Ƙaramar na'urar karatu ba ta cika wuce giram 200 da 'yan kai ba, iPad ta yau da kullum kuwa ta kusa rabin kilo. A minti biyar ba za ka ji bambanci ba. Ka kwanta rigingine ka riƙe ta da hannu ɗaya na awa guda, sannan ka ba ni labari. Da yawa daga cikin na'urorin karatu ma ruwa ba ya shigarsu. Amma fuskarsu ba ta son dannewa. Akwai siririn gilashi a ciki da kan tsage idan aka matse ta a jaka, ko da waje bai nuna komai ba. Ka saya mata riga mai murfi tun ranar farko.

Saura abu ɗaya da mutane ba sa tunawa sai bayan sun saya, wato inda littattafan za su fito. Yawancin littattafan da ake sayarwa a manyan shagunan intanet a kulle suke. Wanda ka saya a Amazon ba zai buɗu a Kobo ba, haka na Kobo a Kindle. A watan Fabrairun 2025 ma Amazon ya cire hanyar da masu saye ke sauke littattafansu zuwa kwamfuta don turawa ta kebul. A nan tabulet ta fi sakewa, don kana iya sa manhajar kowane shago a kanta, su zauna tare. Saboda haka kafin ka biya kuɗin na'urar karatu, ka tabbatar shagonta yana sayar wa ƙasar da kake, yana karɓar katinka, kuma yana da irin littattafan da kake karantawa, a harshen da kake karantawa. Littattafan da ba a kulle ba, kamar sama da 70,000 da ke shafin intanet na Project Gutenberg kyauta, su kam duk na'urorin biyu na ɗaukarsu.

Ra'ayina ga wanda ya riga yana da babbar waya a aljihu, kuma karatunsa dogon zube ne, labarai da tarihi da makamantansu: ya sayi na'urar karatu. Tabulet za ta maimaita masa abin da wayarsa ke yi ne a fuska mai faɗi, ita kuwa waccan za ta ba shi abin da wayar ke ƙwace masa. Wanda kuma na'ura ɗaya tak zai iya saye, ga karatu ga aiki ga bidiyo, ya ɗauki tabulet.

Idan ma tabulet ɗin na hannunka tuni, kada ka yi gaggawar sayen komai. Daren yau ka shiga saiti, ka kashe duk wata sanarwa, ka katse intanet, ka mayar da launin fuskar ruwan ƙasa-ƙasa, ka rage haske har ya yi daidai da na ɗakin. Ka ajiye wayarka a wani ɗakin daban. Ka yi haka kwana bakwai, kana rubuta lambar shafin da ka tsaya kowane dare. Ranar ta takwas ka duba takardar ka ga shafi nawa ka ci.