Ɗalibai 600 ko makarantu 20? Yadda ake lissafin bayanai masu hawa-hawa a kwamfuta

Jama'a, barkanmu da wannan lokaci. Ku dubi teburin da ke kan allo. Layi 600 ne, kowane layi ɗalibi ɗaya, da makin da ya ci a jarrabawa da awannin da yake karatu a mako. A ce daga makarantu 20 aka ɗebo su, 30 daga kowace makaranta. Tambayar da za mu fara da ita: shaidu nawa muke da su a nan?

Wanda ya yi gaggawa zai ce 600. To, ba a nan take ba. Yaran makaranta ɗaya malamansu ɗaya, littattafansu ɗaya, shugabansu ɗaya. Idan ka ga makin goma daga cikinsu, ka riga ka san wani abu game da na goma sha ɗaya. Shi kuwa lissafin layin dangantaka na yau da kullum, wanda aka fi fara koyarwa, ɗauka yake kowane layi zaman kansa yake yi, babu abin da ya haɗa shi da maƙwabcinsa. Manhaja ba za ta yi maka gardama ba. Za ta ba ka amsa tsaf, da kuskuren ƙiyasi (ma'aunin yadda amsar za ta iya kauce wa gaskiya) ɗan mitsitsi, ka tafi kana murna ka gano wani abu.

Wannan ya taɓa faruwa a fili. A 1976 Neville Bennett ya fitar da bincike kan makarantun firamare a Ingila, inda ya nuna yaran da aka koyar da su da tsohon salo mai tsauri sun fi ci gaba. Maganar ta yi tashe sosai. A 1981 Murray Aitkin da abokan aikinsa suka sake lissafa bayanan, suka yi la'akari da cewa yaran a ajujuwa suke, kowane aji da malaminsa. Sai bambancin da ake ta yayatawa ya kasa tsayawa da ƙafarsa. Yaran na da yawa, amma malaman kaɗan ne, kuma salon koyarwa na malami ne.

Maganin wannan shi ne samfuri mai matakai, wato tsarin lissafi da ke la'akari da rukunonin da bayanai ke ciki. Ɗalibi yana mataki na ɗaya, makaranta tana mataki na biyu. Haka abin yake ga majinyata a asibitoci, ko awon da aka yi wa mutum ɗaya sau da yawa, inda mutumin ne ya zama rukuni.

Bari mu buɗe R, manhajar lissafin ƙididdiga. Kunshin da za mu yi aiki da shi lme4 ne, na Douglas Bates da abokan aikinsa. A sauran manhajoji, mai Stata zai yi amfani da umarnin mixed, mai SPSS yana da MIXED, mai SAS yana da PROC MIXED. Akwai kuma manhajojin da aka gina musamman don wannan aiki: HLM na Stephen Raudenbush da Anthony Bryk, da MLwiN na cibiyar da Harvey Goldstein ya jagoranta, wadda yanzu take Jami'ar Bristol.

Shawarata, kada ku fara da zuba duk abin da kuke da shi. Ku fara da samfurin da babu komai a cikinsa sai rukuni:

lmer(maki ~ 1 + (1 | makaranta), data = bayanai)

Abin da ke cikin ƙaramar baka shi ne zuciyar aikin. Cewa muke yi, a bar kowace makaranta ta sami nata matsakaicin maki, amma a ɗauka dukkansu suna warwatse ne a kewayen matsakaici guda.

Ga sakamako ya fito. Ku ƙyale sauran lambobin tukuna, ku dubi biyun nan. A misalinmu, warwatsuwar (ma'aunin yadda maki ya bambanta) da ke tsakanin makarantu ta kai 20, wadda ke tsakanin ɗalibai a cikin makaranta kuma 80. Raba 20 da jimillarsu, wato 100, ka sami 0.2. Wannan shi ne ICC, ma'aunin kamannin 'yan rukuni ɗaya. Kashi ɗaya cikin biyar na bambancin maki daga makaranta yake zuwa.

Za ka ce 0.2 ai ba wani abu ba ne. A nan gizo ke saƙar. Akwai ƙa'idar da Leslie Kish ya shahara da ita a fannin zaɓen mutanen da za a yi bincike a kansu: cire ɗaya daga girman rukuni, ka ninka da ICC, ka ƙara ɗaya. Wato 29 sau 0.2, a ƙara 1, ya ba da 6.8. Raba 600 da 6.8. Kusan 88. Idan tambayarka ta shafi wani abu na makaranta, kamar ko tana da ɗakin karatu, to ɗalibanka 600 nauyin mutum 88 kawai suke da shi, kuma kuskuren ƙiyasin da lissafi na yau da kullum ya ba ka ya kamata ya ninka fiye da sau biyu da rabi.

Yanzu mu sa awannin karatu:

lmer(maki ~ awanni + (1 | makaranta), data = bayanai)

Ku kalli hoton. Layuka 20 ne a jere, wani sama wani ƙasa, amma duk gangarensu ɗaya. Ma'ana, ƙarin awa guda yana ƙara maki daidai wa daida a ko'ina. Idan kana zargin ba haka ba ne, sai ka mayar da bakar ta zama awanni, sanda, makaranta, wato (awanni | makaranta). Nan take layukan za su rabu, wani ya miƙe sosai, wani ya kusa kwantawa.

Akwai wani abu da samfurin ke yi wanda ni a ganina shi ya fi komai daɗi, kuma mutane da yawa ba sa lura da shi. A ce mun ƙara wata ƙaramar makaranta mai ɗalibai 4 kacal, matsakaicinsu 80, alhali na kowa da kowa 60 ne. Shin ita ce zakara? Yara huɗu ne fa. Haziƙi ɗaya ya isa ya ɗaga su. Samfurin sai ya auna yawan shaidar: warwatsuwar makarantu, 20, a sama; a ƙasa kuma 20 ɗin a haɗa da warwatsuwar ɗalibai, 80, da aka raba wa yara 4, wato 40. Rabi ke nan. Don haka rabin tazarar kawai zai yarda da ita, ya ba makarantar 70. Makarantar da ke da yara 30 da matsakaicin 80 kuwa, kusan 78 za ta samu. Kamar alƙali ne da ya saurari kowa, amma ya fi ba mai shaidu da yawa nauyi. Duk wanda zai jera makarantu ko asibitoci daga na ɗaya zuwa na ƙarshe ba tare da wannan gyara ba, ƙananan ne za su cika masa sama da ƙasan jerin, saboda sa'a ko rashinta.

To, ga inda ake yawan tuntuɓe.

Sunayen rukuni. A ce kowace makaranta tana da aji A da aji B. Idan ka rubuta aji shi kaɗai a cikin baka, manhaja za ta haɗa duk wani aji A na makarantu 20 ta ɗauke su aji ɗaya. Ba za ta yi ko tari ba. Rubuta makaranta, karkatacciyar sanda, aji, wato (1 | makaranta/aji), ko kuma ka ba kowane aji lambarsa ta daban tun a tebur. Bayan haka ka duba layin da ke faɗin adadin rukunoni. Idan kana sa ran 40 ka ga 2, tsaya nan.

Sai batun hanyar ƙiyasi. Akwai ML, wadda ke neman lambobin da suka fi dacewa da bayanan, akwai kuma gyararriyarta REML wadda Patterson da Thompson suka gabatar a 1971. REML ta fi kyau wajen ƙiyasta warwatsuwa idan rukunoni ba su da yawa. lmer da ita yake farawa, SPSS da SAS ma haka, amma mixed na Stata da ML yake farawa. Shi ya sa mutum biyu za su lissafa bayanai ɗaya su sami lambobi daban, kowa yana zargin ɗan'uwansa. Kuma idan za ka gwada samfura biyu da suka bambanta a abubuwan da ke wajen baka, ML ake so. Umarnin anova na lme4 da kansa yake sauyawa, ya kuma sanar da kai.

Wata rana kuma za ka ga gargaɗin singular fit, wato samfurin ya fi ƙarfin bayanan. Kada gabanka ya faɗi, kwamfutarka lafiya lau take. Yawanci ka tambayi bayanan abin da ba su da shi ne: gangare uku masu sauyawa a kan makarantu takwas, misali. Duba warwatsuwar da ta koma sifili, ko dangantakar da ta kai ɗaya cif, ka rage kayan da ke cikin baka. Idan kuwa gargaɗin na kasa kammala lissafi ne, fara da daidaita ma'aunai. Wani shafi yana cikin dubbai, wani tsakanin sifili da ɗaya, wannan kaɗai kan rikita lissafin.

Masu neman ƙimar p kuma, wato lambar da ake duba ko sa'a kawai za ta iya haifar da irin sakamakon, za ku leƙa sakamakon lmer ku rasa ta. Da gangan aka bar ta, domin babu hanya guda da kowa ya amince da ita ta ƙirga darajojin 'yanci, wato adadin shaidu masu zaman kansu da lissafin p ke buƙata, a irin wannan samfuri. Kunshin lmerTest zai ba ku ita ta hanyar Satterthwaite. Ga masu rukunoni kaɗan akwai gyaran Kenward da Roger na 1997. Ko wacce kuka zaɓa, ku faɗe ta a rahoto, ku rubuta adadin makarantu kusa da adadin ɗalibai, sannan ku sa umarnin confint ya fitar muku da iyakokin ƙiyasin.