Ƙwaya ɗaya, magani biyu a cikinta: lacca kan maganin hawan jini a Tawa

Assalamu alaikum. Iyayena maza, iyayena mata, ƴan'uwa, sannunku da zuwa, sannunku da zafi. Na baya kuna ji na? To, madalla.

Kwanakin baya aka kawo mini wani dattijo da goshi a fashe. Ya tashi alwalar asuba, jiri ya ɗebe shi, ya faɗi a bakin randa. Na ce, "Baba, wane magani kake sha?" Ya miƙo baƙar leda, muka zazzage a kan tebur. Ga amlodifin da aka rubuta masa nan Tawa, ga kuma wani kwali mai kyau da ɗansa ya aiko daga Abijan, ya ce sabon maganin tansiyo ne, wato hawan jini, mai tsada. Na juya kwalin, na nuna masa ƙananan rubutun: ferindofril da amlodifin. Sati uku yana shan amlodifin riɓi biyu bai sani ba. Yaron alheri ya nufa, wallahi. Sai dai da Allah bai gyara ba, da wani labarin ake yi.

Wannan irin ƙwayar nake so mu yi magana a kai, wadda aka haɗa magani biyu, wani lokaci uku, a ciki. Abu ne mai kyau, kada wani ya fita ya ce na kushe ta. Mafi yawan masu hawan jini magani ɗaya ba ya isar su. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin waɗannan haɗe-haɗen cikin jerin magungunan da ba a rasa su. A shekarar kuma aka fitar da binciken da ake kira CREOLE, wanda Dakta Dike Ojji na Abuja ya jagoranta a kan mutum 728 a ƙasashe shida na Afirka, aka ga haɗin da ke da amlodifin ya fi saukar da jini a jikin baƙar fata. Kuma ƙwaya ɗaya ta fi uku sauƙin tunawa.

Amma sunan da aka rubuta da manyan baƙaƙe sunan kasuwa ne. Coveram, Exforge, duk sunan kasuwa ne. Ainihin maganin yana ƙasa, da lambobi biyu masu nuna ƙarfin kowane magani da ke ciki. Ku kula da lambobin nan: Coveram 5/10 daban, 10/5 daban, ko da kwalayen sun yi kama. Wanda bai yi boko ba, ya sa jikansa ya karanta masa, ko ya ajiye tsohon kwali ya riƙa zuwa farmasi da shi tare da ordonansi, wato takardar da likita ya rubuta magani a kai. Mai tallar magani a kan tire, wanda rana ta gasa kayansa tun daga kasuwa har tasha, ba zai bambance maka wannan ba.

Kowane ɗaya cikin biyun da halinsa. Amlodifin yakan kumbura ƙafa wajen idon sawu. Waɗanda sunansu a kan kwali ya ƙare da "pril", irin ferindofril (perindopril), sukan kawo busasshen tari mai ƙaiƙayin maƙogwaro, mutum ya yi ta shan siro a banza, alhali canjin magani kawai yake bukata. Idan kuwa leɓe ko harshe ya kumbura, wannan ba a kwana da shi, a kama hanyar asibiti nan take, don yana iya toshe numfashi, kuma ya fi samun mu baƙar fata.

Iyayena mata, nan nake so ku ba ni kunnuwanku. Duk haɗin da ke da "pril" ko "sartan", kamar losartan da valsartan, yana lalata ƙodar jariri a ciki. Mace mai neman haihuwa ta faɗa wa likita tun kafin ya rubuta. Wadda ta ga watanta ya wuce, ta je a ranar, akwai maganin da ya dace da mai ciki. Kunya ba ta da wuri a nan. Kuma don Allah kada uwar miji ta ɗebo nata ta ba suruka don ta ce kanta na ciwo.

Sai mai sa fitsari, wato idrokulorotiyazid ko indafamid. Kun san Afrilu da Mayu a Adar, zafi ya haura digiri 40, zufa kamar an watsa ruwa. Ka sha mai sa fitsari, ga zawo ko amai ya zo, sannan gwiwa ta dame ka ka sayi diklofenak ko ibuprofen ka ɗora. Ukun nan idan suka haɗu, ƙoda ce ke biyan bashi. Na ga wannan da idona fiye da sau ɗaya, kuma yana ci mini rai, don kuɗin farasetamol kaɗai ya isa a kauce masa. Ranar da zawo ya yi yawa, a tambayi likita kafin a sha ƙwayar. Awon jini na ƙoda da fotasiyom (wani sinadari da ke cikin jini) da ake turo ku, ba don cin kuɗinku ba ne.

Da azumi, yawanci lokacin sha kawai ake mayarwa bayan buɗa baki. Ku zo tun cikin Sha'aban mu tsara.

Wani zai ce, "An auna ni, tansiyo ta sauka 12/8, na warke." Alhaji, maganin ne ya riƙe ta a nan. Ka daina sha, ta koma 14/9 ko sama, shiru, babu ciwon kai, sai dai a wayi gari baki ya karkace. Idan ka manta jiya, sha ta yau kaɗai, kada ka haɗa biyu. Kada a raba ƙwaya don ta kai ƙarshen wata. Na san tsada, na san halin da ake ciki, amma ka faɗa mana, sau da yawa akwai jenerik, wato maganin nan dai ba da sunan kasuwa ba, mai sauƙin kuɗi. A rage gishiri da dunƙulen miya. Kanwa ma ƴar'uwar gishiri ce, masu jego ku ji da kyau.

Na ga Hajiya can ta ɗaga leda. Kawo ta nan, Hajiya, mu zazzage. Duk wanda ya zo da kwalinsa ya biyo bayanta, ɗaya bayan ɗaya.