Ɓaure a Jidda, Riyal 20!

Jama'a assalamu alaikum, yau daga kasuwar Bab Makka nake muku magana, nan Jidda. Ku matso ku ga abin da ya tsayar da ni. Ɓaure ne fa a ɗan kwali, wai riyal 20! Abin da muke jifa a bayan gari muna yara, mu tsaga mu hure ƙwarin ciki, ragowar akuyoyi su tsince. Wallahi dariyar da na yi sai da mai shagon ya ɗago kai.

Amma a faɗi gaskiya, ba irin namu ba ne. Wannan na Ɗa'if ne, can kan duwatsu inda ake samun sanyi. Bari in tsaga muku ɗaya. Kun ga cikin jawur, yana naso kamar zuma, ba ƙwaro ko ɗaya. Dama Allah ya rantse da shi a Alƙur'ani, sura guda sunansa take ɗauke da shi. Mun haddace ta a makarantar allo, akuya kuma na cinye mana shi a waje.

Ni busasshen nake ajiyewa, na Turkiyya, su ne kan gaba a duniya wajen nomansa. In jiƙa huɗu da daddare, da safe in markaɗa in juye a kunun gyada, ba ruwana da sukari. Maigidana har ƙari yake nema, kuma ba yabon kai ba, kununa a unguwarmu an san shi. Maƙwabciyata 'yar Maroko kuwa cikin naman rago take jefa shi, da kirfa. Zaƙi a miya? A'a, Hajiya, ki bar ni da daddawata. Kai, na yi kewar daddawar gida, ta nan duk ta sha hanya.

Amfaninsa ba wasa ba. Giram 100 na busasshe yana da sinadarin kalsiyam kusan miligiram 160, ya ɗara na madara, ga shi yana sakin ciki in ya ɗaure. To amma sukari ne cunkus, mai ciwon suga ya kama kansa. Kuma kar daɗi ya ja ki ki cinye goma a zama ɗaya, banɗaki za ki wuni.

Alhazai masu tsaraba, kar wanda ya sa ɗanye a jaka, kafin ku sauka Kano ya narke a kan kayanku. Ku sayi busasshe, shi ma ku tsaga ku duba cikinsa kafin ku kai baki.