Hitar banɗaki ta kusa dafa min hannu a Agege

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ku dubi bayan hannun nan nawa. Kun ga jan nan? Ba man suya ba ne, ruwan alwala ne. Jiya da asuba, ido bai gama buɗewa ba, na murɗa famfo mai jan tabo maimakon mai shuɗi, wallahi salatin da na saka sai da ya tashi maƙwabcina Bayarabe. Zafin ma da sauƙi. Abin da ya hana ni komawa barci shi ne, 'yata mai shekara 3 hannunta yana kai wa famfon nan.

Bari in juya kyamara. Ga hitar can a bango, lita 30, a gidan muka same ta. Mu da muka tashi a Kano, hita a wurinmu ƙarfen nan ne mai lanƙwasa da ake tsomawa a bokiti. Ko tukunya a kan murhu da hunturu, Inna tana sirkawa tana tsoma hannu kafin ta ce ka shiga. To an zama 'yan Ikko, ana murɗa famfo ruwan zafi na zubowa, har hoto na tura gida. Alhali wane sanyi ake yi a garin nan? Hunturun Legas ɗan hazo ne ya wuce. Sai dai a Yuni, in ruwa ya kwana yana zuba, nan kam jiki yana so.

Na kira wani Bazazzagi mai gyara. Ya kashe wuta, ya cire murfin ƙasa, ya nuna min ɗan abin saita zafi, an ƙure shi. In aka ƙure irin waɗannan, ruwan yana haura digiri 70. Ya ce, "Alhaji, wannan ai ruwan figar kaza ne." Dubu 5 ya karɓa a aikin minti 10, Legas ke nan.

Ku riƙe wannan: ruwa mai digiri 60, daƙiƙa 5 ta isa ya yi wa babba mummunar ƙuna. A digiri 49 kuwa sai an ɗau mintuna, shi ya sa a Amurka ake ba da shawarar 49, wato 120 a ma'auninsu. Fatar yaro ba ta kai tamu kauri ba, shi ko hakan ba zai kai ba. Da haushi ya ɗebe ni na ce a mayar da ita can ƙasa kowa ya huta.

Ƙanwar matata, malamar jinya ce, ita ta taka min birki. Akwai ƙwayar cuta Legionella, tana yaɗo a ruwan da ke kwance mai ɗumi, tsakanin digiri 20 zuwa 45. Ba sai ka sha ba, feshin shawa za ka shaƙa ya sauka a huhu, sai nimoniya. Ta samo sunan ne daga taron tsofaffin sojoji a Filadelfiya a 1976, inda ta kashe mutane. Ku tuna baƙin tankin da ke saman gidajenmu, rana tana dukansa wuni guda, ruwansa dama da ɗuminsa yake saukowa. Don haka a Ingila 60 suke cewa a ajiye ruwan cikin hita.

Ni dai a 60 na tsaya, na gwada da ma'aunin zafi na kicin, don tawa babu lamba, zane ne kawai. Sannan na kafa doka: ruwan sanyi ne farko a bokiti, na zafi ya biyo, kuma ƙofar banɗaki da sakata ta sama. Surukata da ta zo wankan jego bara, ita kaɗai ce za ta yi ƙorafi, don a wurinta in ruwa bai yi tururi da ganyen darbejiya ba, ba a yi wanka ba.

Mita ma ta sarara. Ɗaga lita 30 daga 27 zuwa 75 yana cin kusan yunit 1.7, zuwa 60 kuwa wajen 1.2. Mu 'yan Band A, rukunin da ya fi biyan kuɗin wuta da tsada, tun 2024 yunit ya haura naira 200, to sau biyu a rana, a wata ka tsira da dubu 6, kuɗin kilishi daga Arewa.

Kuma don Allah, kashe makunnin kafin ka shiga ruwa, don ba ka san wanda ya yi wayarin gidan haya ba. Ɗan bututun gefe da ke ɗiga kuma kar ka toshe shi da leda, ta nan take rage matsi. Kash, sun ɗauke wuta. Bari in je in shafa maganin nan.